Hotunan da Na Shanya a Rana

A shekarar da aikin hanyar jirgin ƙasa ya iso Gagarawa, ina zaune a Gumel, a gidan da mahaifina ya bar mini, shekaruna sun ɗan haura talatin. Sana'ata rubutu. Ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina kwafa wa mai so littafi, da damina kuma in yi noma kamar kowa. Gidan yana da zaure mai faɗi, ginin ƙasa, ƙofarsa tana duban hanyar da mutanen ƙauye ke bi zuwa masallacin Juma'a, saboda haka ba ya rabuwa da baƙi. Abin da zan faɗa ya faru ne a wannan zaure, kuma kuskuren da ke ciki nawa ne. Allah ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Da ranin shekarar, samarin ƙasarmu da yawa sun tafi aikin hanyar. Wasu daga cikin gari, wasu daga wajen Sule Tankarkar da Ɗanzomo, har da na bakin iyaka. Mutum in ya yi nisa da gida yana son ya aika da gaisuwa, sai aka ce mini a can babu mai rubuta musu. Na ɗaura wa jakina kaya, na ɗauki tawada da alƙaluma da takarda, na tafi. Na yi wata biyu a gindin wata tsamiya kusa da sansanin ma'aikata.

A can na san akawun aikin. Bayarabe ne, Musulmi, ya taso a kudu ya zauna a Kano, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda zai je. Ya ga ina rubutu daga dama zuwa hagu da harshen da yake ji, ya roƙe ni in koya masa. Ni kuma abin da ya ja ni wurinsa wani akwati ne da yake da shi, mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle. Yakan sa wani ɗan allo na gilashi a ciki, ya lulluɓe kansa da ƙyallen, ya ce wa mutum ya tsaya kada ya motsa. Daga nan ya shiga da gilashin cikin tantinsa da ya toshe ko'ina. Washegari sai ya ɗora gilashin a kan wata takarda, ya matse su a cikin katako, ya ajiye a rana. Kafin a sha ruwa a huta, surar mutumin ta fito a takardar, launin ƙasa-ƙasa, har da ƙurar ƙafarsa. Bayan haka yana tsoma takardar a wani ruwan magani, ya ɗauraye. Kullum yana ƙorafin maganinsa ya tsufa, ruwa kuma ba ya isarsa, don a wurin da jakuna ake kawo ruwa, a raba da awo. Ban kula da wannan ƙorafi ba. Abin da ya zauna mini a kai shi ne, rana ce ke fito da hoto.

Cikin samarin da ke zuwa in rubuta musu akwai wani Bafulatani dogo, mai shiru, wanda na san mahaifinsa. Mahaifin tsoho ne da ke da ruga a kan hanyar Ɗanzomo, suna kiwo suna noma. Tun zamanin mahaifina, duk Juma'a a zaurenmu yake ɗaure jakinsa, ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya sha ruwa. Baffa nake ce masa. Da yake kakannina Mangawa ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma bai taɓa raga mini ba. In ya shigo sai ya ce, "Ina bawan nan nawa? Bamange, ba ka ga ubangidanka ya iso ba?" Ni kuma in ce masa ya karkaɗe kashin shanu a waje kafin ya hau mini tabarma. Bai taɓa ce mini Malam ba sai in akwai baƙo.

Wannan saurayi shi ne ɗan farinsa. Aikin hanyar ba don kansa yake yi ba, guzuri yake tarawa, zai bi ayarin masu tafiya gabas da ƙafa don sauke farali. A wancan zamani tafiyar tana cin shekaru, wasu su dawo, wasu su zauna a hanya, wasu ƙasa ta rufe su a can. Shi ya dawo, bayan shekaru masu yawa, amma bai tarar da mahaifinsa ba. A lokacin babu wanda ya san haka, sai dai tsohon ya san shekarunsa.

Akawu ya ɗauki saurayin hoto shi kaɗai, a tsaye kusa da tarin ƙarafan hanya, da malafarsa a hannu. Da ya gani, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, amana. Ka nuna wa Baffa. Amma ba a gaban mutane ba, ka san halinmu." Na ce na sani. Kowa ya san kunyar ɗan fari, mu ma muna yinta, amma ta Fulani ta fi tamu nauyi. Tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba, in magana ta kama dole sai ya ce "wancan". Mutum irin wannan ba zai tsaya a gaban jama'a yana kallon fuskar ɗansa ba, ko da zuciyarsa za ta fashe.

Da zan dawo, akawu ya haɗa mini hotuna kusan ashirin, ya ce in kai wa iyalan mutanen nan su gani. Akwai na leburori a jere da diga a kafaɗa. Akwai na raƙuma da kanwa a kasuwar Maigatari, wanda ya ɗauka ranar da ya je can. Akwai wata rijiya a ƙasar Sule Tankarkar, mutum uku suna jan guga. Akwai kan jirgi yana hayaƙi. Mafi yawa mutane ne da yawa a takarda ɗaya, ba yadda za a raba, sai na ga gara a sa su wuri ɗaya kowa ya zo ya duba.

Kafin in yi haka na je wurin malamina, wanda na yi karatun fiƙihu a gabansa, na baje su a gabansa na tambaye shi hukunci. Ya juya takarda ɗaya, ya shafa bayanta, ya ɗaga ta a tsaye ya duba ƙasa. Ya ce abin da malamai suka tsananta a kansa shi ne surar da ke da jiki, mai yin inuwa. Wannan ba ta da inuwa, barinta ya fi, amma ba zai ce na yi haram ba. Ya gindaya mini sharaɗi biyu: kada in sa su a bangon alƙibla, kada kuma su hana kowa jam'i. Sannan ya riƙe ta rijiyar ya daɗe, ya ce na tsakiyar nan ɗan ƙanwarsa ne, kuma tun yana yaro haka yake karkata in yana jan guga.

Na kafa sabuwar tabarma a bangon yamma. Na soke kowane hoto da ƙayar aduwa a kusurwa huɗu. Na jera su daga dama zuwa hagu yadda ake karatu, na yanka ƙananan takardu na rubuta a ƙarƙashin kowanne ko su wane ne, kuma a ina, na manna da ƙaro. Na ɗan Baffa na yi niyyar ɓoyewa a gafakar littattafaina, amma da na jera sauran sai na ga akwai gurbi a tsakiya, kuma duk cikinsu babu wanda ya fito kamarsa. Na ce bari in sa shi na kwana biyu kafin Juma'a.

Ban taɓa ganin abin da ya tara mutane a zaurena kamar wannan tabarma ba. Da hantsi tsofaffin mata ke zuwa, in maza sun fita. Bayan la'asar maza su cika wurin. Matan aure da ba sa fita sukan aiko a ara musu ɗaya, in sa a faifai in rufe da wani faifan, a kai a dawo. Wata tsohuwa ta ga jikanta cikin leburori, ta gaishe shi da aiki, ta juyo ta ce mini ya rame, in rubuta masa ya riƙa cin abinci. Wani maƙeri a unguwarmu yakan leƙo kowace safiya ya dubi masu jan guga, ya ce, "Har yau ba su fito da ruwan nan ba? Malam, ka sallame su, ragwaye ne." Wani mai jaki da ya fito a gefen hoton kasuwa ya yi fushi, wai jakinsa ya fito sarai shi kuwa kansa ya zama hayaƙi. Na ce masa jakin ya tsaya da aka ce a tsaya, shi ne bai ji magana ba. Mutane suka riƙa kawo baƙinsu. Har daga ƙetaren iyaka wasu fatake suka zo, suka ce a Maigatari suka ji labari.

Kuma duk wanda ya zo, a kan ɗan Fulanin nan yake daɗewa. Za a ce dubi idonsa, dubi yadda ya riƙe malafa, kamar zai yi magana. Ni kuma ina gefe ina bayani, ana ce mini sannu Malam. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Juma'a ta zo ban cire shi ba.

Baffa ya iso kamar kullum. Labari ya riga ya kai masa, don ya shigo idonsa a ƙasa, ya jingine sanda, ya zauna a bakin ƙofa ya ba bangon yamma baya. Wani mai rawar kai ya ce, "Baffa, akwai wani mutuminku a nan, ba za ka duba ba?" Ya ce shi shanu ya sani, in akwai saniya a bangon a nuna masa. Aka yi dariya. Ya sha ruwansa, ya zage ni da Bamange yadda ya saba, ya tafi masallaci.

Haka aka yi Juma'a huɗu ko biyar. A ta ƙarshen, da na raka shi zai kwance jaki, ya tsaya yana gyara akumari ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Bamange, in kasuwar nan taka ta watse, ina da magana da bangon nan." Na ce to, Baffa, bari mutane su ɗan ragu. Ya ce babu gaggawa.

Rugarsa tafiyar hantsi ce a kan jaki. Da na so, da na cire ƙaya huɗu na kai masa a rana ɗaya. Amma ruwa ya sauka, shuka ta zo, noman farko ya zo, na biyu ya biyo. Shi ma ya ɗauke ƙafa, don da damina sukan matsa da shanu nesa da gonakin mutane, ya riƙa yin Juma'a a wani wuri. Kullum ina cewa gobe. Gaskiyar magana kuwa, ba na son ganin gurbin nan a tsakiyar tabarma.

Duk mai littattafai ya san abin da ake yi in damina ta wuce. Takarda tana shan danshi, ta yi fumfuna, gara kuma tana bin sanyi. Saboda haka da kaka, in sama ta washe, mukan kwance littattafai, mu baje su fallen-fallen a tabarma a tsakar gida, mu danne da tsakuwa, rana ta gasa su. Haka na ga mahaifina yana yi, haka malamina yake yi. A shekarar nan, da na zo shanya, na lura hotunan sun lanƙwashe, wasu sun fara ɗige-ɗige a gefe. Na ce waɗannan ma takardu ne, kuma su da rana ai 'yan gida ne, a gabana ta haife su. Na cire su duka, na baje su a wuri mafi samun rana, fuska sama. Na tafi gona yankan gero.

Da na dawo bayan azahar, mai ɗakina tana tsaye a kansu. Ta ce tun walaha ta ga suna canzawa, amma ta ɗauka haka ake so, ba ta saba taɓa takarduna ba. Na durƙusa. Littattafaina lafiya lau, sun bushe sun yi ƙamshin rana. Hotunan kuwa sun yi duhu kamar gindin tukunya. Raƙuma sun tafi, rijiya ta tafi. A na ɗan Baffa, in ka karkata shi, za ka ga alamar malafa, shi ke nan. Na kai su inuwa, na rufe da zane, na jira ko za su dawo. Na shafa wa ɗaya ruwa. Babu abin da ya dawo.

Mutanen unguwa sun yi mini jaje, wasu sun yi dariya, maƙeri ya ce aƙalla masu jan guga sun huta. Duk wannan bai dame ni ba. Juma'a nake jin tsoro, don shanu sun dawo gida.

Baffa ya zo da wuri ranar, kafin kowa. Na gane da gangan ya yi sammako, don ya sami zauren babu mutane. Ya jingine sanda, kuma karo na farko ya juya ya fuskanci bangon yamma. Babu komai sai tabarma da ƙananan takardun da na rubuta sunaye. Na gaya masa abin da ya faru, ban rage ba. Na gaya masa har da saƙon da aka ba ni a Gagarawa, da cewa tun farko ba a bango aka ce in sa ba. Na ɗauko baƙar takardar na miƙa masa. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Ai ban tambaye ka komai ba, Malam. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Daga ranar bai sake ce mini Bamange ba. Yana zuwa, yana gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya ce Malam kaza, Malam kaza. In na tsokane shi da kashin shanu sai ya yi murmushi ya ce gaskiya ne, ya fita ya karkaɗe ƙafa. Da zagina ya yi a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Na je wa malamina da maganar, ya ce istigfari yana share abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma amanar mutum sai an mayar wa mai ita.

Da aka gama kai amfanin gona rumbu, na sake ɗaura wa jaki kaya. A Gagarawa na tarar sansani ya tashi, an gina 'yar tasha, aikin ya yi gaba. Na bi gefen ƙarafan ina tambaya, kwana uku, har na cim musu a wani daji da babu gari kusa. Akawu ya yi murna da ganina, ya ɗauko allonsa ya nuna mini inda ya kai a ajami. Da na ba shi labari, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya ce laifin rabi nasa ne. Maganin da ake tsoma takarda a ciki shi ke hana rana ci gaba da aikinta, nasa kuwa a lokacin ya mutu saboda yawan amfani, kuma bai gaya mini in kiyaye su daga rana ba, don bai taɓa zaton akwai mai shanya hoto kamar kuɓewa ba.

Na tambaye shi ko akwai dabara, tunda ɗan Baffa ya riga ya bi ayarin gabas. Ya ce takardar ta mutu, amma in gilashin yana nan ana iya haifar wata. Sai dai gilasai da yawa sun fashe a ƙaura, wasu kuma ya bayar. Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Muka zauna a bakin tanti muna ɗaga su ɗaya-ɗaya muna duban sama ta cikinsu. A gilashi komai a juye yake, baƙin mutum fari, farar riga baƙa, ban iya gane kowa ba. Mun kusa kai ƙarshen akwatin, ina ta salati a zuci, sai na ga wani dogo shi kaɗai da wani abu zagayayye a hannu. Kusurwa ɗaya ta gilashin ta ɓalle, ta tafi da rabin tarin ƙarafan, amma mutumin bai taɓu ba.

Akawu ya ce yanzu yana da sabon magani, jirgi ya kawo masa daga Kano, da 'yar takarda kaɗan. Abin da ba shi da shi ruwa ne. In ana son hoto ya daɗe, sai an ɗauraye shi an sake ruwa an sake, fiye da sau goma, kuma rabonsa na yini bai wuce na sha da alwala ba. Akwai rijiyar makiyaya da ɗan nisa, irin rijiyoyin ƙasarmu da in ka leƙa ba ka ganin ruwan. Na ari guga da tulu biyu. Ni da hannuna bai saba da abin da ya fi alƙalami da fartanya ba, na yini ina ja, jaki yana kaiwa. Makiyayan da ke wurin suka tambaye ni ko shanu nawa zan shayar. Da na ce takarda zan wanke, suka dubi juna, ɗaya ya ce da Fillanci wani abu da ya sa sauran dariya, amma suka kama mini igiya. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe.

Kwana biyu muka yi. Ya fitar mini da na ɗan Baffa, da rijiyar, da raƙuman, da wasu sababbi shida na wuraren da aikin ya ratsa. Waɗannan su suka koma bangon yamma, kuma daga baya wasu suka ƙaru, don duk wanda ya je Kano ya samo hoto sai ya kawo a sa masa na 'yan kwanaki. Zauren ya yi shekaru a haka, ina sauya su in sun gundiri mutane, kuma ban sake barin rana ta taɓa ko ɗaya ba. Amma na ɗan Baffa ban tsaya da shi a gida ba. Na sa shi tsakanin fallayen wani littafi, a cikin gafaka, washegarin dawowata na yi asubanci zuwa ruga.

Na same shi a gindin wata ƙirya yana tufka igiya, shanu sun fita da jikokinsa. Muka gaisa, Malam sama Malam ƙasa. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, ta aiko da nono a ƙwarya. Na sha. Ya ga hannuna a naɗe da tsumma, ya ci gaba da tufkarsa. Na rasa ta inda zan fara, don ba a ce wa mutum irinsa ga ɗanka. Sai na cire gafakar daga kafaɗa na ajiye a gefensa.

Na ce, "Baffa, riƙe mini wannan. Zan zagaya in ga shanun nan da kake cika baki da su, in gani ko akuyoyi ne. Akwai wata takarda a tsakiyar littafin da ba a ɗaure take ba, ka duba mini kada iska ta ɗauke ta."

Ban jira amsa ba. Na bi sawun shanu har na same su a wani fako, na zauna da makiyayan, na tambaye su sunan kowace saniya, abin da ban taɓa damuwa da shi ba a rayuwata. Daga inda nake ana hango rugar. Ban so in duba ba, amma ido ba ya jin magana. Na ga ya daɗe a sunkuye. Daga baya na ga ya tashi ya nufi bukkar Inna da abu a cikin hannun rigarsa, ya shiga, ya fito shi kaɗai ya tsaya a waje ya ba ƙofar baya, kamar mai gadi. Na juya na ci gaba da tambayar sunayen shanu. Sai da rana ta kusa tsakiya na koma.

Yana zaune inda na bar shi, igiyar tana hannunsa, ba ta ƙaru ko taki ɗaya ba. Gafakar tana rufe. Na ce takardar tasa ce, ya ajiye. Ya girgiza kai, ya ce a ruga babu inda takarda za ta kwana lafiya, in ba ruwa ba akuya, in ba akuya ba gara. In mayar da ita bango.

Sannan ya ce, "Amma ba a tsakiya ba. Ka sa ta ƙasa-ƙasa, ta bayan ƙofa, inda nake jingine sandata. Mutum in zai ɗauki sandarsa ai dole ya dubi wurin."

Na ce an gama. Na ce kuma ina roƙon ya yafe mini. Ya ɗauki gafakar ya miƙo mini da hannu biyu, ya dubi tsumman da ke hannuna.

Ya ce, "Babu komai tsakaninmu, ka sauke abin da aka ɗora maka. Amma dubi hannu. Guga nawa ka ja da har ka zama haka? Na daɗe ina faɗa, Bamange ba ya moruwa. Tashi ka kwance mini jakin can ka kai shi inuwa kafin ka tafi, kada shi ma ka shanya shi."

Na tashi na kwance jakin.